Ɗinkin Bahago

Na sauka Bauchi da hantsi
da ƙarfen injin niƙa ƙunshe cikin tsumma.
Obinna mai kayan gyara ya juya shi, ya tsuke baki,
ya ce irinsa na kan hanya daga Jos,
in dawo bayan la'asar.
Ba ni da kowa a garin nan. Sai na bi ƙafata.

A Wunti tumatir kashi-kashi,
kowane kashi da guda a kansa kamar hula.
Keke Napep ya wuce an rubuta masa Sannu Ba Ta Hana Zuwa,
yana gudu kamar wanda ya ci bashi.

Kada in yi ƙarya,
ba neman ilimi ya kai ni gidan adana kayan tarihi ba.
Inuwa na gani.

Malam Gidado mai tsaron ƙofa ya ce wuta tun jiya ba ta leƙo ba.
Ya kunna fitilar waya,
muka bi bango muna tashin abubuwa daga barci:
gatarin dutse, munduwar tagulla,
gunkin katako da gara ta fara ci daga ƙafa,
zanen wata mai tuyar masa
wadda aka ba ta hannu har gwiwa
da tanda mai gurbi tara, ba hayaƙi, ba ƙuda.
Ya ce 'yan jami'a kan daɗe a gabanta suna gyaɗa kai.
Ni cikina ne ya yi ƙugi.

Can a kusurwa, bayan gilashi, ƙwarya.
Ba ta fi ta fura ba.
Ta taɓa tsagewa daga baki har gindi,
wani gyartai ya ɗinke ta,
ɗinkin ya karkata hagu, ƙulli biyu a ƙarshe,
na biyun ya hau na farko.

Na ce Malam, matso da hasken.

Kakana Jatau a Darazo haka yake ƙulli.
Bahago ne. Yana riƙe tsinke a baki,
yana ƙorafin matan da ke fasa ƙwarya ranar kasuwa
su biya shi da daddawa.
A takardar da ke ƙasa an rubuta:
Ba a san wanda ya yi ba.
Kada a taɓa.

Kada a taɓa!
Ni da na sha duka kan irinta
don na bar ta a bakin rijiya akuya ta taka.

Na ce ta kakana ce.
Malam Gidado bai yi dariya ba.
Ya ce makon jiya wata daga Dass ta rantse ta kakarta ce,
ta yi kuka har ta jiƙa mayafi.
Bahagwai suna da yawa, in ji shi,
ƙwarya kuwa kullum fashewa take.

Ya miƙo littafin baƙi.
Inda aka ce suna, na rubuta Jatau Gyartai.
Inda aka ce ra'ayi, biron ya ƙi.

A waje rana ta karkata.
Mai faci ya tsoma tayar babur cikin baho
yana jiran kumfa ta tona asirin ƙusa.
Na tsaya kallonsa fiye da yadda na tsaya gaban gunki,
har ya ɗago ya ce lafiya?

Kusa da Ƙofar Ran na sami mai masa.
Hannunta daidai ne, tandarta gurbi bakwai,
hayaƙi ya sa ni hawaye,
na bar shi ya ɗauki laifin.

Obinna ya ce motar Jos ta lalace a Toro.
Sai gobe.
Na warware tsumman, na dubi tsagar ƙarfen,
na tambaye shi ina masu walda suke.