Mai Ƙidaya a Ƙarƙashin Matakala

Daren Laraba ne a Sheffield,
ruwan sama bai huta ba tun azahar.
Na ajiye tasi, na shigo ƙafa a sanƙare,
injin wanki na gurnani a kicin,
sai ƙaras! Gidan ya yi ɗif.

Na leƙa taga: gidan Misis Hirst haske tar,
fitilun titi ko gezau.
Na ce ikon Allah,
na ƙetare hamada, na ƙetare teku,
kuɗin wata ban taɓa bari ya kwana ba,
ashe duhu ya riƙe adireshina.

Da fitilar waya na rarrafa ƙarƙashin matakala,
cikin tsofaffin takalma da laimar da ta karye.
Ga akwatin nan, maɓallai a jere,
ɗaya ya sunkuyar da kai.
Na ɗaga shi, ya faɗi.
Na sake ɗagawa, ya sake faɗuwa.
Na zage shi da Hausa, don ya fi shiga jiki.
Sai da na zare wayar injin ya yarda ya tsaya.

Da safe Oldroyd mai gyara ya zo,
fensir a kunne, gwiwar wando a soshe.
Ya jawo injin daga bango:
ruwa kwance, waya ta goge har jan ƙarfe ya fito.
Ya ce, abin da ka zaga ɗin nan
ƙidaya kawai ya iya.
Wuta ta fita ta wannan waya, ta dawo ta waccan,
shi yana zaune yana auna mudu biyu.
In abin da ya dawo ya gaza abin da ya fita,
ko da cikin cokali ne,
ba ya neman shawara, ba ya jiran mai gida.
Kafin ka ƙifta ido ya rufe ƙofa.

Na ce, to wadda ta ɓace, ina ta tafi?
Ya ce, ƙasa take nema.
Takan bi ta ruwa, takan bi ta ƙarfe,
in ta samu mutum, ta bi ta mutum.

Iklima na bakin ƙofa da burodi a hannu,
shekara shida, haƙori biyu babu.
Ta ce, Baba, jiya injin ya ɗan cije ni,
lokacin da na je ɗauko safata.
Ban sa takalmi ba. Kar ka gaya wa Umma.

Na zauna a kan matakala.
Shayin da na haɗa wa Oldroyd ya huce a hannuna.

Na tuna Inna a Funtuwa, in magariba ta yi,
ba ta buɗe tukunya sai ta ƙirga mu.
Mu bakwai ne; in ta samu shida
ludayi ba ya motsi, kowa ya tashi nema.
Mukan yi ƙunƙuni, ga yunwa, ga ƙamshin miya.

Yanzu duk wata shida ina danna maɓallin gwaji.
Gida ya yi duhu, agogon murhu ya rikice,
Zulai ta ce daga ɗaki, ka fara ko?
Nakan ɗan jinkirta kafin in ɗaga.
Ina tsugune cikin warin takalma,
ina saurare:
muryar Zulai, tarin Mudassir,
dariyar Iklima a saman bene.
Uku suka fita, uku suka dawo.
Sai in kunna.