'Yar Aike

Kwalin ya iso Maiurno ranar Laraba
a cikin buhun dabino, daga Jidda,
da rubutun Kawu Zubairu a gefe:
"Na Suwaiba ne. Kada ya jiƙe."

Muka zazzage shi a kan tabarma:
bututu mai tsawon kamu guda,
fikafikai uku na katako marar nauyi,
hanci mai tsini kamar bakin zalɓe,
da 'yar lema ja a naɗe kamar laya.
Takardar ta ce jikanyar wata roka ce
ta zamanin da rediyo ke da girman akwati.
Waccan ba ta je wata ba,
ba ta ma yi niyya ba.
Aikinta ta hau, ta ɗanɗana iskar can,
ta faɗo da labari.

Kwana huɗu Suwaiba na manne-manne,
gam a yatsu, gam a bakin mayafi.
Fiffike ɗaya ya karkace,
ta ɓamɓare shi, ta yi kuka, ta sake.
Ni nawa riƙon fitila ne.
Fentin ya bushe tun a hanya,
sai muka roƙi ragowar na Usta Mukhtar mai gyaran raksha,
shi ya sa ta fito rawaya.

Juma'a bayan la'asar
muka kai ta gonar da aka girbe dawa, kusa da kogi.
Yara kamar an kaɗa ganga.
Iya Dije ta zo da kujerarta, tana faɗa:
kuɗin buhun albasa za a ƙona a banza.

Batirin babur, waya biyu.
Suwaiba ta ce uku, yara suka ce talata,
biyu, itnin,
ɗaya.
Shiru.
Wata akuya ta yi atishawa.

Wayar ce ta zame. Aka gyara.
Wannan karon ba wanda ya ƙirga,
sai fuuu!
Zare fari ya ɗinke ƙasa da sama,
wuyanmu duka ya karye baya,
har ɗankwalin Iya ya faɗi ba ta sani ba.

Can inda shirwa ke zama ɗigo
ta tsaya, kamar mai tuna mantuwa,
sannan jar lema ta buɗe.

Iya ta ce, ba da ni take ba:
"Haka kakana ya baro Haɗeja zai je Makka,
ƙarfinsa ya ƙare a bakin ruwan nan.
Ga mu."

A lambun kuɓewa muka tsince ta,
gindi ya yi baƙi, fiffiken nan ya sake karyewa.
Suwaiba ta kai ta hanci ta shaƙa,
ta daɗe.
Na ce me ta gano a can?
Ta ce, "Baba, saura inji biyu a kwali.
Riƙe min fitila."