Ginin Zanzaro

Ni ba matuƙi ba ne.
Shekara sha ɗaya ina rumfar jirage a Garwa,
ban taɓa barin ƙasa fiye da tsawon tsani ba.
Aikina yana bayan allon da matuƙi ke kallo:
jar waya, farar waya, fis, ƙaurin dalma,
da 'yan allurai masu rawar jiki
waɗanda nake koya wa faɗin gaskiya.

Ran Talata, tsakiyar damina,
Kyaftin Jaratu ta tashi da hantsi,
akwati biyu na maganin sarar maciji a kujerar baya,
Cholire ta nufa.
Ni na goge gilashi. Ni na ɗaga mata babban yatsa.

Sauran labarin a bakinta na ji.

Bisa tafkin Lagdo hadari ya haɗo,
ruwa ya soma dukan fiffike,
sai allurar gudu ta koyi ƙarya.
In jirgi ya hau, ta ce gudu ya ƙaru,
in ya sunkuya, ta ce ya kusa tsayawa,
alhali kunnen Kyaftin na jin inji
yana faɗin wani abu daban.
Wa za ka gaskata cikin gajimare,
inda sama da ƙasa suka sa riga iri ɗaya?

A cinyarta akwai 'yar na'urar hannu,
ɗaure da robar tayar keke,
kwance ta saye ta a Kusuri, fuskarta a tsage.
Sau nawa na yi mata dariya,
na ce wannan ai wayar yara ce?
Ita ce ta kasa kunne ga taurarin ɗan'adam,
ta ce: ga inda kike, ga saurinki bisa ƙasa.
Kyaftin ta cire rabon iska da ka,
kamar mai awo tana rage nauyin kwano,
ta manna takarda kan allurar da ta haukace
don kada ido ya koma wurin maƙaryaci.

Saura minti goma batir ya mutu.
Amma gajimare ya riga ya yage,
ga Mayo Rai can ƙasa, jajir, ya cika ya batse,
ta bi shi kamar yaro riƙe da gefen zanen uwarsa
har tayoyi suka taɓa ciyawa.

Ran Alhamis aka dawo mini da jirgina.
Na kwance bututun da ke shaƙar iska ƙarƙashin fiffike,
siriri, bai kai kaurin alƙalami ba,
na haska tocila.
Laka.
Zanzaro ya yi gini,
ya ajiye koriyar tsutsa guda, guzurin ɗan da bai zo ba.
Ginin ya bar 'yar kafa, iska na wucewa,
sai da ruwan Lagdo ya jiƙa shi ya rufe.

Shi bai yi laifi ba. Ɗaki ya gani babu ƙofa.
Ƙofar, jan murfin nan mai wutsiya,
tana aljihun rigar aikina tun Juma'a,
ranar da na ji an tada huɗuba na fita a guje.

Na kai mata lakar a tafin hannu, da murfin.
Na ce, Kyaftin, ga shi.
Ta daɗe tana kallo.
Ta ce, Malam Dalhatu, mutum uku aka yi wa allurar,
ɗayansu yarinya ce mai tsinkar kuɓewa.
Sai ta miƙo mini na'urar mai tsagaggiyar fuska:
ka ja mata waya daga jikin jirgi,
na gaji da sayen batir.

Na ja wayar. Sau uku na gwada.

Lakar tana nan cikin kwalin ashana, kusa da sukuddireba.
Kullum da safe, kafin in taɓa kowane maɓalli,
nakan durƙusa ƙarƙashin fiffike
in leƙa ramin da bai kai ƙwayar gero uku ba.
Zanzaro na nan yana shawagi a rumfa.
Muna gaisawa.