Goma Sha Bakwai

Ni mai yankan gilashi ne a Zango,
yatsuna duk tabo.
Da ragowar tagar wani kanti
na haɗa wa ruwa ɗaki mai kusurwa huɗu,
na liƙe, na cika, na jira kwana uku
in ga ko zai yi hawaye.
Bai yi ba.

Kyari direba ya kawo su daga Kano
cikin leda, a rataye a jikin madubi:
kifi huɗu, ba wanda ya kai ɗan yatsan Barira.
Namijin da wutsiya kamar bakin atamfa,
matan launin toka, ba ado, sai ciki.

Magaram ta leƙo ta katanga.
“A Damagaram?
Inda famfo ke tari kafin ya tofa,
inda muke kwana a layin jarka,
kai kake shayar da abin da ba ya miya?”
Na ce, da gaskiyarki.
Na tare mai garuwa, na ƙara jarka guda,
na bar ta a buɗe ta kwana
warin magani ya fita tukuna.

Daren Talata, bayan lisha,
Barira ta ce, “Baba, ruwan ya yi idanu.”
Na kawo tocila.
Ga su, kamar karyayyen tsinken tsintsiya,
ido biyu da ɗan zare,
suna maƙale a gindin ciyawa.
Muna cikin kallo uwar ta juyo,
ta haɗiye ɗaya, ta wuce abinta.
Ban san ina da sauran zafin nama ba
sai da na ga matatar shayi a hannuna,
uwar kuma a kwalbar zuma.
“Don me ta ci ɗanta?”
Shekarata hamsin da ɗaya,
na ce mata, je ki kwanta.

Mun ƙirga ashirin da uku.
Da safe, ashirin.

Abincinsu gwaiduwar ƙwai,
abin da kan ashana zai ɗauka.
Ran nan tausayi ya rinjayi hannuna, na ƙara.
Ruwa ya koma kunu,
uku suka kwanta ciki sama.
Barira ta ɗauki gawayi
ta rubuta a bango: goma sha bakwai.
Ba ta dube ni ba.

Sai bazara ta kama.
Duwatsun Birni su sha rana yini guda,
da dare su amayar mana.
Aka ɗauke wuta, injin iska ya yi gum.
Na naɗe gilashin da jiƙaƙƙen buhu
yadda uwata ke yi wa randa,
na zauna da moɗa, in ɗiba, in ɗaga, in tsiyaya,
kumfa ta shiga, su samu numfashi.
Ɗiba, ɗaga, tsiyaya.
Kafaɗata ta mutu kafin kiran farko.

Aka taɓa ƙofa.
Magaram ce, da ƙanƙara cikin tsumma
da rabin jarkar da ta kwana wa layi.
“Ba don kifinka ba,” in ji ta,
“don yarinyar.”
Ta karɓi moɗar. Ta fi ni iyawa.

Tsohon ruwansu ba ya zuba a banza,
gindin zogale yake zuwa.
Zogalen har ya tsere wa katanga.

Mako na shida, da hantsi,
rana ta ratsa gilashi
ta sami wani ɗan ja a wutsiyar guda,
ɗigo ɗaya, kamar an taɓa da lalle.
Barira ta makara lakwal.

Jiya Magaram ta aiko da kwalba.
Wai ta ji suna cin ƴaƴan sauro,
wai tana da tsohuwar randa.
Na zaɓa mata mace da namiji.

Barira ta tsaya da gawayi a gaban bango,
ta daɗe.
Ba ta goge ba.
“Suna nan,” in ji ta, “katanga ce kawai.”