Rijiyar da Ke Tafiya a Kwance

Mannir ya dawo daga Farisa ran Laraba,
ya iske ni gindin darbejiya ina tufkar igiyar guga.
Shekara huɗu! Ya rame, ya tara gemu.
Na ce, "Ɗan ƙanwata, ina ƙasar nan take?"

Ya tsinci kara, ya zana ta a ƙofar zaure:
kyanwa ce a zaune, kunnuwa arewa maso yamma.
"Kawu, teku a gadon bayanta, teku a ƙafafu.
Duwatsun Zagros sun jeru kamar kunyar dawa,
Damawand da wuya ya tuɓe farar hula.
Tsakiya kuwa hamadar gishiri,
ko ƙarangiya ba ta yarda ta zauna ba."

Na ce, "Larabawa ke nan."
Ya yi dariya har ya ƙware.
"Harshensu daban. Baƙaƙen suka ara, suka ƙara huɗu,
yadda muka yi wa ajami ɗigo.
Akwai Kurdawa, Baluchawa, masu jin Turkanci,
da makiyayan da ke hawa dutse lokacin zafi,
sanyi ya koro su gangare.
Suga a haƙori suke riƙewa su kurɓi shayi.
Mai tasi zai ce ka bar kuɗinka;
kara ce kawai, Kawu, biya shi.
Sabuwar shekara, alkama ke tsira a faranti."

Duk ina ji da kunne ɗaya,
sai da ya zo kan ruwa.

Shekara arba'in ina haƙa, Daura zuwa Sandamu,
kowace rijiyata a tsaye take.
Su a gindin dutse suke samo idon,
sai rijiya ta kwanta, ta yi ta rarrafe a ƙarƙashin ƙasa,
rana ba ta ganin ta balle ta lasa,
har ta ɓulla Yazd, garin laka irin namu,
ta shayar da rumman.

"Masu haƙar, an ce, fari suke sawa,
in ƙasa ta rufta, sun riga sun yi likkafani."

Na ajiye igiyar.
Na tuna Ɗanjuma, da ramin Zango.

Ya ba ni tsarabar za'afaran a ɗan gwangwani,
ban san abin da ake yi da shi ba har yau.
Amma daren nan na kasa barci:
akwai wani tsoho can, da fitila da guntun diga,
farcensa irin nawa,
in mun haɗu ba ma neman tafinta.