Ƙasa da Sifili

A Oulu dare ya yi tsawo, rana ta yi rowa.
Aulikki na gaban allo, kofinta ya huce,
tana rubuta manhajar gidan gilashin Veikko,
inda tumatir ke nuna, ƙanƙara na kwance a ƙofa.

Gurbi takwas aka ba ta, ba ƙari.
Ko ta sa wa lamba alama,
ta san hawa, ta san gangara,
amma ta tsaya a ɗari da ashirin da bakwai;
ko ta bar ta ba alama, ta miƙe
har ɗari biyu da hamsin da biyar,
sai dai ba ta san bashi ba, ba ta san rami ba.

Ta ce: ɗakin da ake hura wa ɗumi dare da rana,
me zai kai shi ƙasa da sifili?
Ta zaɓi marar alama. Ta kashe fitila.

Cikin Janairu, ƙarfe uku na dare,
bututun ɗumi ya toshe.
Uku. Biyu. Ɗaya. Sifili.
Sanyi ya ƙara taku guda.
Lamba ta leƙa ƙasa, babu matakala,
sai ta zaga ta bayan gida, ta ɓullo a ƙololuwa:
ɗari biyu da hamsin da biyar!

Na'ura ba ta san musu ba.
Ta ce wuta ce, ta wangale tagogi duka,
iskar teku ta shigo ba sallama,
ta bi kunya kunya tana shafa ganye.

Da safe Veikko ya tsinko tumatir ɗaya,
ya ƙwanƙwasa a tebur, ya yi ƙara kamar tsakuwa.
Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne.
Ya ajiye mata shi kusa da madannai, ya fita.

Gyaran bai kai minti ba.
Harafi ɗaya ta goge,
ƙaya ƙarama, ga gurgunta babba.

Tumatirin na nan a firjinta, shekara ta shida.
In sabon ma'aikaci ya ce, ai ƙidayar kwanduna ce,
ba ta taɓa sauka ƙasa da babu,
sai ta ce: to, debe biyar daga uku mu gani.
In ya yi shiru,
ta buɗe firji, ta ɗora masa a tafin hannu.