Ƙauye a Kan Tebur

A ɗakin ƙasa, a birnin Olomouc,
inda bututun ɗumama gida ke tari da dare,
Vendelin Kubat ya gyara zaman tabarau
yana murza wayar tagulla.
Sili goma sha biyu, gangar bishiya ke nan.
Ya raba su uku, suka zama rassa,
kowane reshe ya sake haihuwa
har waya ta sirance, ba ta da sauran abin bayarwa.

Ganyen kuwa soson wanke-wanke ne.
Ya niƙa shi a injin markaɗen Jarmila,
wadda da tana raye
da an jiyo su har bakin titi.
Kore kala biyar ya rina,
don a cewarsa, mai ganin daji kore ɗaya ne
ta tagar mota ya san daji.

Dutsen can tsofaffin jaridu ne da filasta.
A cikinsa akwai zaɓe biyu, da sanarwar rasuwa,
da farashin nama na bara waccan.
Ya shafa gam, ya barbaɗa busasshen ganyen shayi,
sai ga ƙasa, irin ta bayan an ɗauke ruwa.
Tsakuwar layin dogo da ƙaramin cokali ake zuba ta,
a lallaɓa da bakin buroshi,
a riƙe numfashi.
Atishawa ɗaya ta taɓa kwashe masa gonar dankali.

Komai a nan an raba shi gida tamanin da bakwai:
tasha, coci, gadar ƙarfe,
karen mai yankan tikiti.
Kewa ce kaɗai ta ƙi rabuwa,
ta zauna da girmanta a kujerar gefe.

Ƙauyen na gaske yana ƙarƙashin dam.
Shekara hamsin da ɗaya ke nan
kifi ke shiga ajinsu ba sallama.

Ran Laraba Radomir kan sauko,
da sanda, da burodi a takarda.
Su biyu suka rage a waɗanda suka san hanyar.
"Wannan tuffa ba nan take ba. Hagu da famfo take."
"Dama."
"Hagu! Ni na faɗo daga kanta, ga tabon."
"Da ka ka faɗo, shi ya sa."
Shayi ya huce, ba wanda ya sauko.
Cikin dare Vendelin ya ɗauko waya,
ya huda sabon rami hagu da famfo.
Yanzu tuffa biyu ce a ƙauyen da ya san ɗaya,
kuma ba wanda ya sake tayar da zancen.

Jikarsa Svatava, mai son gyara,
ta ga wata bishiya a karkace bayan tasha,
ta sa yatsa ta miƙar da ita tsaf.
Bai yi faɗa ba.
Ya jira ta hau sama,
ya mayar da ita yadda iska ta bar ta,
yadda take ranar da wata yarinya mai jan ɗankwali
ta jingina da ita, ta bar jirgin ƙarfe biyar ya wuce
saboda shi bai gama magana ba.

Bishiya ɗari huɗu da goma sha biyu.
Ya murɗa makunni, fitilun tasha suka kama,
jirgi ya fito daga cikin dutsen jarida,
ya bi ta gada, ya kewayo, ya sake kewayowa,
bai taɓa kai kowa gudun hijira ba.

Kogi ne kawai bai gama ba.
Ya haƙa kwarin, ya jera duwatsu, ya dasa ciyawar gaɓa,
har da kwalekwale kife a kan yashi.
Kwalbar ruwan roba na kan kanta,
shekara uku, da murfinta.
Svatava ta ce, "Kaka, yaushe za a zuba?"
Ya ce, "Bari tukuna.
Na san halin ruwa a garin nan."